Ranar da Na Gaida Surukata a Ƙarƙashin Ƙarfe

Ni mutum ne mai mantuwa, kowa a gidanmu zai ba da shaida. Na taɓa tafiya aiki Maiyama da makullin ƙofar gida a aljihu, na bar iyali a kulle har azahar. Amma akwai wata safiyar Asabar da ko tsufa ya gama cinye min ƙwaƙwalwa ba na jin za ta goge: ranar da na kwanta rigingine a bayan gidana da ke Jega, ba riga a jikina, ƙarfe ya danne min ƙirji, ina gaida surukata cikin cikakken ladabi.

Bari in fara daga tumbi, don shi ya jawo komai.

Ma'aikacin ƙaramar hukuma ne ni, kuma aikina gaba ɗaya zama ne. In zauna a kan mashin daga Jega zuwa Maiyama, in zauna a ofis, in zauna a ci tuwo, in sake zama a kan mashin in dawo. A haka tumbi ya riƙa fitowa a hankali ba tare da ya nemi shawarata ba. Telana ne ya tona asirin. Na kai ɗinkin Sallah, ya zagaya min igiyar awo a ciki, ya duba, ya sake zagayawa kamar bai yarda da idonsa ba, sannan ya ce a gaban duk mutanen da ke shagon, "Yallaɓai, yadin ga hwa ba shi isarka yanzu. Sai ka ƙaro." Aka yi dariya, ni ma na taya su, amma a hanyar gida ko waƙar da na saba yi a kan mashin ban yi ba.

Satin ne na fara zuwa wurin 'yan ɗaga ƙarfe. Wani fili ne a bayan garejin makanikai, an kafa rumfar kwano, an jera ƙarafa, wasu na kanti, wasu kuma tsoffin kayan mota ne da aka yi wa walda. Mai kula da wurin wani tsohon soja ne da ake kira Saje Altine, gajere, marar yawan magana, wuyansa da kansa kusan kauri ɗaya. Abin da ya ja hankalina tun ranar farko shi ne wanda ake yi a kwance: ka kwanta rigingine a kan benci, ka sauko da ƙarfen zuwa ƙirji, ka tura shi sama. 'Yan wurin "benci" kawai suke ce masa. Na ce a raina, ga motsa jikin da ya dace da ni, wanda ake yi a kwance.

Ashe kwanciyar ma sai an koya. Saje ya ba ni sandar ƙarfen zalla, ba a rataya mata komai ba, ya tsaya a kaina.

"Ƙahwahunka ƙasa," in ji shi. "Dasa su kamar za ka tura mota. Mi kaka yi da su bisa iska?"

Na dasa. Ya sa hannu a bayana ya ce in matse allon kafaɗuna biyu su haɗu, in ɗauka akwai goro a tsakaninsu da ba na so ya faɗi, in bar su a matse har in gama. Ɗuwawu a manne da benci, ƙirji ya ɗan taso. Da na kama sandar, sai ya ɗalle min babban yatsa. Wai na jera shi da sauran yatsun, alhali shi ne ya kamata ya zagaye ƙarfen ya kulle shi a tafin hannu, wuyan hannu kuma ya tsaya a miƙe, kada ya karye baya. Na fara saukowa da shi, ya ce in dakata.

"Gwiwar hannunka ka baje ta kamar ungulu na shan hantsi. Jawo ta kusa da jiki kaɗan, in ba haka ba kahwaɗarka ta tahi. Ja numhwashi, riƙe. Sauko da shi sannu, shi taɓa ƙasan ƙirji, ba wuya ba. Taɓawa nic ce, ba dukan ganga ba."

Da na tashi, ina haki saboda sandar da ba komai a jikinta, sai ya nuna ni da yatsa ya faɗi abin da yake faɗa wa kowane sabon zuwa: "Duk wanga da nih hwaɗa ma, in ka mance ɗaya, ciwo za ka ji. Amma akwai guda da in ka mance shi, wanka za a yi ma. Kar ka kuskura ka kwanta ƙarƙashin ƙarhe ba mutum tsaye bisa kanka."

Na ce to. (Ina da saurin cewa to. Matata ta ce shi ne babban aibina.)

Matsalar ita ce Saje ya ƙi ƙara min nauyi. Sati ya bi sati ina nan da sandar zalla, yana gyara min yatsa da gwiwar hannu, alhali ga samari 'yan jami'a da ke zuwa daga Aliero suna loda ƙarafa har sandar na lanƙwasa. Duk wannan na jure. Abin da ban jure ba shi ne ranar da wani daga cikinsu, yaron da na girme wa nesa ba kusa ba, ya ga na tashi daga benci ya ce da zuciya ɗaya, "Sannu da ƙoƙari, Baba." Ba izgili yake yi ba, tausayi ne, shi ya sa ya fi zafi.

Sai na yanke shawarar da nake ganin ta masu hikima ce: in haɗa nawa a gida, in yi ta yi a ɓoye, wata rana in dawo filin in ɗaga abin da zai sa su riƙe baki. Na samo doguwar sandar ƙarfe a wurin mai walda. Na samo bokitin fenti biyu manya, na cika su da kwaɓaɓɓen siminti da tsakuwa, na soka kowane bakin sandar a ciki na bari ya bushe. Wato nauyin ya kama sandar har abada, ba a zarewa, ba a ragewa. Na kafa gwafa biyu a bayan gida kusa da turken tumaki don ɗora ƙarfen, na jawo bencin da muke zama a kai da yamma. Ban auna nauyin ba. Na dai san da na gwada ɗora shi a kan gwafar sai da na kira maƙwabcina ya kama min, shi kuma ya tambaye ni ko tubalin gini nake bugawa.

Kafin in samu damar gwada shi sosai, sai aka ce Inna na tafe.

Inna ita ce mahaifiyar matata Ma'u, mutuniyar Aliero. A nan sai mai karatu ya fahimci wani abu game da ni, in ba haka ba sauran labarin zai zama kamar na mahaukaci. Ba ni da dukiya, ba ni da sarauta, ba ni da wani dogon karatu, amma akwai abu guda da na yi fice a kansa a dangin matata: kunyar surukai. Tun da na auri Ma'u ban taɓa haɗa ido da Inna ba. Da takalminta nake gane ta, da kuma gyaran muryarta. Ban taɓa cin ko gyaɗa a gabanta ba. In zan gaishe ta, daga bakin ƙofa nake durƙusawa, kaina a ƙasa, ita kuma ta juya fuska ga bango ta amsa. Akwai ranar da na hango ta a kasuwar albasa ta Aliero tana tahowa, na ajiye mashin na shige bayan tulin buhuna, na tsaya a nan idona na ruwa har ta wuce. Labarin ya kai mata, kuma Ma'u ta ce ya yi mata daɗi ƙwarai. Duk lokacin da ake maganar surukan zamani masu shiga ɗakin uwar mata suna kallon talabijin da ita, Inna sai ta ce, "Mu dai mun gode Allah. Mijin Ma'u ko inuwatai ba ta tsallaka tawa." Wannan maganar na riƙe ta kamar lambar girma. Da aka haifa mana 'ya mace, sunan Inna na sa mata, shi ya sa muke kiranta Ummi, don ba mai iya kama sunan a gidan. Inna kuwa "takwara" take ce mata.

To, Inna ta zo ganin takwara, wadda lokacin ta fara zama, ta ce za ta ɗan kwana biyu. Gida ya koma barikin ladabi. Ko ban ɗaki zan zagaya sai na sa riga da hula. Ƙarfena na can bayan gida an rufe shi da tsohuwar tabarma, ina wucewa ina satar kallonsa.

Ranar Asabar ɗin, Ma'u ta ce min da safe akwai suna a unguwar gaba, za su tafi gaba ɗaya. Zuciyata ta yi fari. Na fita na sayo nama, na ɗan yi hira a bakin titi don in ba su lokaci, na dawo da hantsi. Gida shiru, ƙofar ɗakin baƙi a saye, ba motsin kowa. Ban yi sallama ba, wa zan yi wa? Na rataye naman, na bi ta lungu na zagaya baya. Wata gajeriyar katanga ce ta raba bayan gidan da tsakar gida. Na cire hula, na cire riga, na cire singileti, na rage daga ni sai gajeren wando da silifa. Na yaye tabarmar, na kwanta.

Duk abin da Saje ya koya min, babu wanda na yi. Ba don na manta ba, sai don ina ganin wannan ka'idojin na masu koyo ne, ni kuwa yau ranar nuna bajinta ce. Na jera babban yatsa da sauran. Na baje gwiwar hannu. Ƙafafuna ma a kan bencin na ɗora su, don na ga wani a waya yana yin haka. Na yi bisimilla na tura. Ƙarfen ya bar gwafar, kuma a daidai wannan lokacin na gane cewa ni da shi ba sa'o'in juna ba ne.

Ban sauko da shi ba, shi ya sauko da kansa. Ya dira a ƙirjina, ya ɗan yi tsalle, ya zauna. Na tura, ko gezau. Na sake turawa har na ji wani abu ya ce ƙas a kafaɗa, bai motsa ba. Na ce to bari in gangara da shi ƙasa ta ciki in zame. Ya gangara kaɗan, ya iske tumbi ya tare hanya, ya dawo. (Tumbin da aka sayi ƙarfen dominsa, shi ne ya haɗa kai da ƙarfen.) Na gwada karkata shi gefe, amma nauyin ya yi daidai ta ko'ina, kuma duk motsin da na yi sai in ji sandar na matsowa wajen wuya. Tumakin Ma'u suka daina cin dusa suka tsaya kallo.

Ban firgita sosai ba da farko. Na kwanta ina jan numfashi ƙanana-ƙanana, ina kallon sama, ina lissafin wanda zai iya ji na in na yi ihu. Maƙwabcina ya tafi gona. A nan ne na ji shi, daga bayan katanga, a tsakar gidana: gyaran murya.

Ko a cikin barci na san wannan gyaran muryar.

Ashe Inna ba ta je sunan ba. Daga baya na ji cewa ƙafarta ce ta ɗan matsa mata, takwara kuma na barci, sai ta ce Ma'u ta tafi ita kaɗai. Yanzu ta fito tsakar gida, ina jin ƙarar tabarma tana shimfiɗawa, tana yi wa yarinya 'yar waƙa ƙasa-ƙasa. Tsakanina da ita katanga ce da ba ta kai tsayin mutum ba.

Ina so mai karatu ya yi min adalci a nan. Mutum mai hankali zai ce, ai sai ka ƙwala kira. To in kira wa? In ce me? In ce, "Inna, zo ki ɗaga min ƙarfe, ga ni nan tsirara"? Matar da ba ta taɓa ganin ko gashin kaina ba? Wallahi na auna abin biyu a raina, mutuwa da wannan kiran, kuma sai da na ɗan jima ban ga wanda ya fi sauƙi ba. Abin da ya karya min taurin kai shi ne tunanin cewa in na mutu a haka, ita ce dai za ta fara gano gawar, kuma a cikin wannan gajeren wandon.

Na tattara ɗan numfashin da ya rage. Na buɗe baki da niyyar neman agaji. Abin da ya fito shi ne:

"Salamu alaikum."

Waƙar ta tsaya. Na ji ta gyara mayafi.

"Wa alaikumus salam. An dawo?"

"An dawo, Inna. Barkanku da hantsi."

"Barka kadai. Ina gajiya?"

"Babu... gajiya."

"Ina aiki?"

"Aiki... da godiya."

"Madalla. Lahiya dai ko?"

Ga ƙofa ta buɗe min da kanta. Tambaya ce kai tsaye, amsarta kuma na kan ƙirjina tana niƙa min haƙarƙari. Amma bakin da ya shekara da shekaru yana ba da amsa guda bai san wata ba.

"Lahiya... lau."

Gaisuwa ta ƙare, ba sauran abin da al'ada ta tanada a tsakaninmu. Idona ya fara ganin wasu 'yan taurari. Sandar ta ƙara matsowa sama, na ji sanyinta a ƙasan maƙogwaro, sai jikina ya yi abin da bakina ya kasa. Ƙafafuna suka shiga harbin iska. Silifa ɗaya ta fita, ta yi sama, ta tsallake katanga, na ji saukarta a tsakar gida, fat.

Sannan na ji muryar Inna, a natse, tana magana da jaririyar da ko "baba" ba ta iya faɗa ba:

"Takwara, ga takalmin ubanki ya iso. Shi bai iso ba."

Na ji takunta tana tahowa, a hankali, tana ɗan jan ƙafa. Na ga gefen mayafinta ya ɓullo ta lungu. Abin da kawai na iya yi don kare mutuncina shi ne na runtse ido, kamar in ban gan ta ba ita ma ba ta gan ni ba. Na ji ta ja numfashi ta ce "Inna lillahi" can ƙasa. Sai kuma takun ya juya, ya koma inda ya fito.

Na ce shi ke nan, kunya ta kore ta. Kuma, Allah ya yafe min, har da ɗan jin daɗi a raina, don na ga ita ma ta riƙe nata ɓangaren.

Sai na ji gurr, gurr, gurr. Na buɗe ido ɗaya. Inna ce take gangaro da babban turmin Ma'u, taɓarya a hammata, takwara goye a baya. Ta ja mayafi ya rufe mata gefen fuska ta wajena. Ta tayar da turmin kusa da bokitin simintin da ke hannun damana, ta zura taɓaryar a ƙarƙashin sandar, ta ɗora tsakiyarta a bakin turmin. Duk wannan ta ba ni baya take yi. Sai dai bayan nan da ta ba ni, a nan takwara take, ta leƙo da kai daga cikin zani, ta zuba min ido tana tsotsar hannu.

"Takwara," in ji Inna, "hwaɗa ma ubanki, in na danna, shi tura."

A rayuwata ban taɓa yin benci mai kyau irin na wannan lokacin ba. Na sauke ƙafafu na dasa su a ƙasa kamar zan tura mota. Na matse allon kafaɗu, goron Saje na tsakiya. Na zagaya babban yatsa ya kulle ƙarfen, na miƙar da wuyan hannu, na jawo gwiwar hannu kusa da jiki. Inna ta yi bisimilla ta hau kan ɗaya bakin taɓaryar ta zauna da dukkan nauyinta. Gefen dama ya ɗaga. Na tura da duk abin da Allah ya bar min. Ƙarfen ya karkata hagu, bokitin ya daki ƙasa, tumaki suka watse, ni kuma na sulale ta ƙarƙashi na faɗo daga benci.

Iska ta shiga ƙirjina da wani irin zafi mai daɗi. Ina dawowa hayyacina na ga inda nake: a durƙushe, ba riga, a bayan surukata. Na rarumo tsohuwar tabarmar nan na lulluɓa. Tunda dai a durƙushe nake, kuma ban san abin da ake faɗa a irin wannan wuri ba, sai na ce, "Sannunku da aiki, Inna."

Ta zare taɓaryarta, ta gyara goyo, ta ce, "Takwara, mu tahi. Rana ta yi zahi." Suka tafi. Jim kaɗan silifata ta dawo ta saman katanga.

Da Ma'u ta dawo ta tambayi abin da ya kai turminta bayan gida. Ina ɗaki ina jin su. Inna ta ce, "Can ya hi inuwa." Ba ta ƙara ko kalma ba. Washegari ta ce ƙafarta ta yi sauƙi, za ta koma Aliero. Na durƙusa a bakin ƙofa na yi mata sallama, ta juya ga bango ta amsa, kamar kullum. Jan layin da ya kwanta min a ƙirji kuwa na yi ta ɓoye shi a cikin singileti har ya baje.

Amma hankalina bai kwanta ba. Kullum ina jiran ranar da labarin zai dawo min daga Aliero, an ƙara masa gishiri. Na san lambar girmata ta tafi. Mutumin da inuwarsa ba ta tsallaka ta surukarsa, ga shi an ɗage shi da taɓarya. In wani daga dangin Ma'u ya yi min murmushi a hanya sai in ji gumi ya keto min. Na koma wurin Saje Altine da kaina, na ɗauki sandar zalla ba tare da an ce in ɗauka ba. Ya dube ni, ya dubi yadda na kulle babban yatsa, ya ce, "Halan wani abu ya hwaru?" Na ce babu komai. Ya ce, "To, babu komai ɗin ya koya ma abin da ni kasa."

Bayan 'yan makonni wata motar albasa da ta taso daga Aliero ta tsaya a ƙofar gidanmu. Direban ya sauke saƙo daga Inna: turmi biyu sababbi, na itace mai nauyi, tsayinsu ɗaya kamar an haife su tare. Ma'u ta yi ta zagaya su tana mamaki.

"Ni dai ban gane ma Inna ba," in ji ta. "Ina da turmi. Mi za ni yi da wasu har biyu? Kuma wai ba nawa ba na, na takwara na. Wai a aje su bayan gida, guda dama guda hagu."

Na ce, "Ba ta ce komai ba kuma?"

"Ta ce a hwaɗa ma takwara, ita ba ta iya zuwa Jega kullum."

A nan na gane Inna ba ta faɗa wa kowa ba, ko 'yar cikinta. Na share ido, na ce wa Ma'u hayaƙin murhu ne ya shiga min ido. Na gangara da turamen baya, na ajiye ɗaya a ƙarƙashin kowane bokitin siminti, na kira maƙwabcina ya tsaya a kaina, na kwanta don in gwada. Muka sauko da ƙarfen a hankali. Yana taɓa ƙirjina, na saki numfashi ƙirjin ya ɗan faɗa, sai bokitan suka zauna daram a kan turamen, sandar ta tsaya tana shafar gashin ƙirjina ba tare da ta danne ni ba. Ko masassaƙin ya zo da igiyar awo ya auna ni a kwance, iyakar abin da zai yi ke nan.

Na daɗe a kwance a wurin ina kallon sama. Matar da na rantse ta ba ni baya daga farko har ƙarshe, matar da mayafi ya rufe wa fuska, ta san tsayin bencina, ta san kaurin ƙirjina, ta san har inda tumbin ya tsaya.

Har yau in na je Aliero daga bakin ƙofa nake durƙusawa, ita kuma ta juya ga bango, kuma an ce har yanzu tana ba da misali da ni a gidan biki. Ni dai abin da na koya shi ne: ka dasa ƙafa, ka matse kafaɗa, ka kulle babban yatsa, kada ka kwanta a ƙarƙashin ƙarfe sai da mutum a kanka. In kuwa ka ƙi ji har ya danne ka, aka tambaye ka ko lafiya, don girman Allah kada ka ce lau.